Ki Sa Wayar Ƙasa

Litinin, 4 ga wata

Auta,

Ina gaishe ka gwargwadon abin da ka cancanta, wato kaɗan. Sauran gaisuwar na ajiye maka sai ka amsa wannan takarda. Ina fata kana lafiya, kai da abokan aikinka a madatsar ruwan da kuke ginawa, can bayan duwatsun da ka ce waya ba ta shiga sai dai iska. Direban motar kayanku zai biyo ta maɗaba'a gobe da hantsi, shi ya sa nake rubuta maka a kan teburin aiki. Ga littafin wani bawan Allah nan a gefe yana jiran in gyara masa, shafi ɗari uku, bai san inda ake tsayawa a numfasa ba.

Mu lafiya lau. Baba yana samun sauƙi. Hannun dama har yanzu a kwance yake, amma ƙafar ta fara jin magana. Bakin ne abin mamaki. Ka tuna lokacin da ka tafi, in ya zauna gaban akwatin kifin nan yana ƙirga su, a huɗu yake maƙalewa ya yi ta kallona har in kau da kai? Yanzu kullum da safe ina tura kujerarsa kusurwar, in kunna fitilar, ya ƙirga har tara bai yi tuntuɓe ba. Jiya da ya kai tara sai ya ce, "Sun cika." Ba wanda ya tambaye shi. Na shiga kicin na daɗe ina wanke kofin da ba shi da datti.

To ka ji, na yaba wa akwatinka. Rubuta ka ajiye, don ba zan maimaita ba.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki biro. Wannan fallen gilashin da ka ɗora a kai ka ce murfi ne na wucin gadi, ka ce in ka dawo hutu za ka yi na gaske, wata bakwai ke nan. Na lura wucin gadinka ya fi auren wasu daɗewa. Ka manta a gidan nan akwai kyanwoyi biyu da suka riga kifayenka zuwa. Aya, wadda na raɗa wa sunan saboda inda ta zauna nan magana ta ƙare, ta gano cewa fitilar tana ɗumama gilashin. Kilo shida ce yanzu, na auna ta. Takan hau ta baje a kai kamar ta biya kuɗin haya, gilashin yana lotsawa a ƙarƙashinta. Shekaranjiya na ga tsaga ta fito daga kusurwa, tsawon ɗan yatsa. Ita kuwa Waƙafi, mai lanƙwasasshiyar jela, ba ruwanta da ɗumi. Waya take so. Ta tauna ta rediyo, ta tauna ta fanka, yanzu ta sa wa ta fitilar ido.

Wannan duk da sauƙi. Ranar Juma'a na tsoma hannu in cire wani ganye da ya ruɓe, sai na ji wani abu ya tsikare ni a yatsa kamar cizon kiyashi. Na fitar, na mayar, ya sake. Ni ba mai aikin wuta ba ce, kai ne aka kashe wa shekara huɗu kana karanta ta, amma na san ruwa ba ya cizo. Baba kuma da hannun hagu yake ba su abinci, yana tsoma yatsu su zo su tsotsa, yana dariya da rabin baki.

Saboda haka saurara. Na yi magana da shugabar makarantar da ke bayan layinmu, ta ce suna so, za su ajiye a ɗakin kimiyya. In ƙarshen wata ya yi ba a yi wa akwatin nan murfin da zai ɗauki Aya ba, ba a kuma raba ruwan da wuta ba, makaranta zai tafi. Na fi son Baba ya yi shiru yana raye. Ba zan kira mai wutan layinmu in ce ya taɓa aikinka ba sai na ji daga bakinka, don na san halinka da kishin sana'a. Ka rubuto mini abin da zan yi, dalla-dalla, da rubutun da mutum zai iya karantawa.

Yayarka


Laraba, 6 ga wata

Yaya,

Na karɓi guntuwar gaisuwar, na gode, Allah ya ƙara arziki. Lafiyata ƙalau, sai dai ƙura da kewar gida. Na karanta wurin da Baba ya ce sun cika sau uku, har abokin ɗakina ya tambaye ni ko an yi mini haihuwa ne.

Ki yi haƙuri da rubutun, a kan gwiwata nake yi. An tura mu can ƙasan rami yau, ban fito ba sai da direba ya gama sauke kaya, ga shi nan yana danna mini oda kamar na ci masa wani abu.

Wannan tsikarin da kika ji ba wasa ba ne. Injin tace ruwan ne yake yoyon wuta, ina kyautata zato. Kada Baba ya ƙara tsoma hannu, ke ma haka. Abu na farko, kafin komai, ki sa wayar ƙasa. Na so in yi kafin in taho, ban samu sukuni ba, laifina ne. Kada ki bari ya kwana biyu.

Zancen murfi kuwa ina da shi a kaina tsaf, zan zana miki da awo da komai in aiko da mota ta gaba. Don Allah kada ki yi saurin zancen makaranta. Yara za su cika su da abinci su mutu cikin mako guda, kin sani.

Ki gaishe da Baba, ki ce masa ina jiran ranar da zai ƙirga mini su da kaina. Aya kuma a rage mata abinci, ba gilashin ne kaɗai ke shan wahala ba.

Direba ya tayar da mota.

Ƙaninki


Lahadi, 10 ga wata

Injiniya,

Muna lafiya. Na fara da wannan ne don ita ce gaskiya, kuma don ka san ba da taimakonka muka samu lafiyar ba.

Takardarka ta zo ranar Alhamis. Na karanta, na bi umarni kamar ɗaliba. Ka ce in sa wayar ƙasa, kafin komai. Na dubi doguwar wayar nan mai soket huɗu da ka rataye a ƙusa a jikin bango, na ce lallai Auta ya yi tunani, in Waƙafi ta fizgo ta daga can sama ai cikin ruwa za ta faɗa. Na sauke ta, na shimfiɗa ta a ƙasa gindin teburin akwatin, har na share wurin tukuna. A raina ina cewa ashe karatun bai tafi a banza ba.

Jiya Asabar da la'asar, ina zaune ina duba shafuka, Baba yana kujerarsa gaban kifayen, ƙafafunsa ba takalmi saboda zafi. Aya ta hau kan kabad ɗin littattafai, ta auna, ta diro da kilo shidanta a tsakiyar gilashin. Tsagar nan ta ƙarasa aikinta. Rabi ya nitse, rabi ya tashi tsaye, Aya ta shiga har ƙugu ta fito tana tsala ihu. Ruwa ya yi ambaliya ta baki, ya bi jikin wayoyin ya gangara kai tsaye cikin soket ɗin da ƙanina mai takardar shaida ya ce in ajiye a ƙasa. Na ji tas, na ga shuɗin haske, sai ƙaurin roba. Fis ɗin gidan ya ƙone, fanka ta tsaya.

Na auna daga baya, Auta, don ni mai aune-aune ce. Tsakanin bakin ruwan da ya kwanta a ƙasa da babban yatsan ƙafar Baba, taƙi ɗaya ne. Taƙina, ba naka ba. Ban san yadda na ja kujerar nan ba, na dai ganmu a bakin ƙofa ni da shi, shi kuma yana ta shafa mini hannu da na hagunsa kamar ni ce marar lafiyar.

Na kira mai wutan layinmu ya canza fis. Kafin ya iso na goge ruwan, na naɗe ƙonanniyar wayar na jefa bayan kabad. Ya tambaye ni me ya faru, na ce dutsen guga ne. Ka ji abin da na yi maka. Shekarata hamsin da biyu, na tsaya na shirga ƙarya a gaban mutum don kada a ji a layi cewa ɗan gidan nan, da ake kira ya duba injinan madatsa, bai san ruwa gangare yake bi ba. Ni da ban taɓa riƙe sukundireba ba sai don buɗe gwangwani, yanzu na gane wannan.

Shekara ashirin da shida ina gyara rubutun mutane. Na ga wanda ya kashe jarumin littafinsa a babi na uku ya aurar da shi a na bakwai. Ban taɓa ganin jimlar da ta kusa kashe uban marubucinta ba sai taka.

Kifayenka da fitilarka da injinka duk sun ishe ni. Na kashe su duka. Kusurwar ta yi duhu, ta yi tsit, ba wannan ƙarar kumfar da ke hana ni karatu. Yau da safe na tura Baba wurin saboda sabo. Ya daɗe yana kallon akwatin, bai ƙirga komai ba, sannan ya juya fuskarsa bango. Ban ji daɗi ba, amma ban yi nadama ba.

Kada ka wahalar da kanka da zane.

Yayarka


Laraba, 20 ga wata

Auta,

Lafiya muke, in kana son sani. Kwana goma ba direba, ba takarda. Na je ofishin kamfaninku da kaina, wani mai gadi ya ce mini manya suna taro. Zan bar wannan a hannunsa, in ta iso ta iso.

In fushi kake yi saboda na kira ka Injiniya, to ka daure, akwai waɗanda suka fi shi da ban rubuta ba. Tun kana yaro haka kake, ka fasa kofi, a yi maka faɗa, ka shige ƙarƙashin gado sai an zo ana ba ka haƙuri. Yanzu ƙarƙashin gadon naka ya zama madatsa.

Baba yana cin abinci, yana barci. Magana ce ta ja baya. Likita ta zo Litinin ta ce ya ƙirga mata yatsu, ya kai uku ya rufe ido. Ta tambaye ni me ya canza a gidan, na ce abubuwa da yawa. Kalma ɗaya ya faɗa a makon nan, sunanka ne, kuma da alamar tambaya.

Akwatin na nan, na rufe shi da ƙyauren tsohon kabad na danne da tubali biyu. Motar makaranta za ta zo ranar talatin.

Yayarka


Asabar, 23 ga wata

Yaya,

Ina gaishe ki, ina gaishe da Baba, ina kuma gode wa Allah da ya tsayar da ruwan nan inda ya tsaya. Ba fushi nake ba. Ruwan sama ya cinye gadar da motocinmu ke bi, sun yi kwana goma sha ɗaya a tsallake. Jiya takardunki biyu suka iso tare. Na karanta ta farko a tsaye, ban san lokacin da na zauna a kan buhun siminti ba.

Yaya, wayar ƙasa sunan waya ne. Ba cewa na yi ki ajiye waya a ƙasa ba. Ita ce waya ta uku, mai launin kore da rawaya, wadda ke tashi daga ramin sama na soket ta tafi har jikin sandar tagulla da ake kafawa cikin ƙasa a bayan gida. In inji ya yi yoyon wuta, sai wutar ta bi ta can maimakon ta bi ta jikin mutum. Gidanmu tsoho ne, ba a sa masa ita ba. Na ɗauka da kin karanta za ki kira mai wuta ki faɗa masa, shi kuma ya san sauran. Mu a wurin aiki sau ashirin muke faɗin kalmar nan a rana, har na manta akwai wanda bai san ta ba. Da kin nuna masa takardata maimakon ki rufa mini asiri, da tuni an wuce wurin. Amma ba ke ce da laifi ba. Kin ce in rubuta dalla-dalla, na rubuta a kan gwiwa. Taƙi ɗaya. Tun jiya nake buɗe hannuna ina kallo.

Zancen kifayen kuma, ban san me zan ce ba. Ba zan ce kin kyauta ba, don ba su suka rubuta takardar ba. Jan nan mai yagaggiyar jela tun yana kamar ƙwayar shinkafa na sayo shi. Amma na san a tsorace kike, kuma na san ki in kin tsorata. Abu ɗaya nake roƙo, ki gaya mini ba a gaban Baba kika yi ba. Idan ya ga an kwashe su, to ba mamaki ya juya fuska bango.

Na nemi hutun kwana biyar, shugaban sashenmu ya ce sai an gama haɗa layin da muke kai, wata mai zuwa ke nan. In na zo zan sayo wasu tara, masu kama da waɗancan iya yadda zan iya. Ban sani ba ko zai yarda da su. Ki roƙi shugabar makarantar ta dakata, akwatin banza ba zai amfane su da komai ba.

Kin ce kada in yi zane, na yi, yana bayan takardar nan. Ko ba kifi a gidan, a gyara wutar. Wannan karon zan rubuta kamar mai rubuta wa alƙali.

Ki kira mai wuta. Ya ja wayar ƙasa, wato waya ta uku da na bayyana a sama, zuwa soket ɗin kusurwar. Ya kafa sabon soket a jikin bango, sama da bakin ruwa, a gefe ba a saman akwatin ba. Ya haɗa masa 'yar na'urar nan mai yanke wuta da kanta da zarar ta ji yoyo, tana da maɓallin gwaji, ki riƙa dannawa duk farkon wata. Kowace waya in ta fito daga akwatin ta fara sauka ƙasa da soket ta yi ciki, kamar igiyar shanya da ta saki, sannan ta hau. Ɗigon da ya biyo ta zai tsaya a cikin ya ɗiga, ba ya hawa tudu. Tsohon injin tacewa a jefar da shi, kada a ba kowa, a sayo sabo. Fitila a sayo mai ƙaramin ƙarfi, ta bolt goma sha biyu, akwatinta na rage wuta ya zauna can sama a bango. Duk wayoyin a zura su cikin bututun roba a manne da bango, Waƙafi ta nemi wata sana'ar.

Murfin kuwa aikin kafinta ne. Firam na katako mai kauri, ya zauna a kan bakin akwatin duka kewaye kamar hula, da leɓe mai faɗin yatsa uku da zai sauko ta kowane gefe don kada a ture shi. Sanduna biyu a gicciye a tsakiya, su za su ɗauki nauyi. A sama a ɗaure farantin roba mai kauri wanda ake gani ta cikinsa, ba gilashi ba. Ƙananan huji a baya don tururi ya fita. A shafa wa katakon fenti mai hana ruwa sau uku, ya bushe a waje mako guda. A gaba a yanka 'yar ƙofar ba da abinci, da sakata mai girman da hannun hagu zai iya ja.

Na sa 'yar ƙofar ne ko da Allah zai sa.

Ƙaninki


Talata, 10 ga sabon wata

Auta,

Ga sauran gaisuwar da na riƙe maka tun farkon wancan watan, na haɗa da ta wannan, ka karɓa duka. Muna lafiya ƙalau. Ina fata gadarku ta tsaya da ƙafafunta.

Kifayenka tara suna nan da ransu. Jan mai yagaggiyar jela ya fi kowa ci.

Na karanta takardarka a maɗaba'a, na zo wurin da kake roƙon kada a ce a gaban Baba na yi, na ce yaron nan rana ta taɓa shi. Me na yi? Da na koma gida na ɗauko kwafin tawa, don ka san ba na aika rubutu ban ajiye kwafi ba. Na sa tabarau, na bi ta da jan biro kamar ta wani. Kifayenka da fitilarka da injinka, na kashe su duka. Na karanta sau biyu, na cire tabarau na goge, na mayar, jimlar ba ta canza ba. Fitila da inji na kashe, Auta, na zare su daga wuta. Da wani marubuci ne ya kawo mini wannan, da na zagaye ta na rubuta masa a gefe, su wa ka kashe, malam? Laifi tudu ne. Na hau nawa na tsaya ƙyam ina hango naka, har da auna taƙi.

Amma kai ma ka ji kunya. Shekara arba'in ka san ni, ka yarda zan iya tsayawa in kashe kifi tara saboda haushi? Ni da na kwana ashirin da takwas ina ɗebe musu bokitin ruwa kowace safiya ina zuba sabo, ina motsa shi da ludayi kamar mai dama koko don su samu iska? Abin da ya fi ba ni haushi shi ne na tambayi abokiyar aikina ko ita za ta yarda, ta ci gaba da buga na'ura kamar ba ta ji ba.

Baba bai daina ƙirga ba don sun mutu. Ya daina ne don ba ya ganinsu. Kusurwar ba taga, na danne saman da ƙyaure, idonsa kuma ka san yadda yake. Wannan ma sai da takardarka ta zo na zauna na yi tunaninsa da kyau, kuma ba ya cikin abubuwan da nake alfahari da su.

Na kira mai wutan. Na miƙa masa takardarka ta farko. Ya karanta ya ce, "E, wayar ƙasa, ai gidan nan ba shi da ita, tun wancan zuwan na so in faɗa miki." Na ciro ƙonanniyar wayar daga bayan kabad na ajiye a gabansa. Ya juya ta, ya dube ni, ya ce, "Wannan ne dutsen gugar?" Na ce shi ne. Mutumin kirki ne, sai da ya fita tsakar gida sannan ya yi dariyarsa. Kwana biyu ya yi. Ya kafa sandar tagulla a bayan kicin, ya ɗaga soket, ya sa na'urar yankewa, ya danna maɓallin ta yi ƙas ta ɗauke, ya sa ni ma na danna. Wayoyin sun yi cikin da ka ce, sun shige bututu. Waƙafi ta zo ta shinshina, ta gwada haƙori sau ɗaya, ta dube ni kamar na ci amanarta.

Kafintan bakin titi ya so ya yi mini gardama. Ya ce sanduna biyu ɓarnar katako ce, kifi ba ya tashi sama. Na ce ba don na ciki ake yi ba, don na waje ne. Ya ce wace irin kyanwa ce haka, na ce ya zo ya ɗaga ta. Ya zo, ya ɗaga, ya koma ya ƙara ta uku ba tare da na ce ba. Sakatar sai da muka canza sau biyu, ta farko ta yi wa yatsun Baba ƙanƙanta, ta biyu kuma Waƙafi ta buɗe ta cikin minti goma ina kallo. Ta yanzu sai an ɗaga sannan a ja.

Ranar talatin motar makaranta ta zo, murfin yana tsakar gida yana shan iska. Na fita na ba direban haƙuri, na haɗa shi da kwali biyu na littattafan yara da suka yi kwantai a maɗaba'a. Shugabar ta aiko da godiya, ta ce sun fi kifi sauƙin ciyarwa.

Ranar Asabar muka ɗora. Ban yarda da kafinta ba, ban yarda da kai ba, don haka na yi gwajina. Na ɗauko manyan ƙamus guda huɗu na auna, kilo tara, na jera a tsakiyar murfin na bar su awa uku. Ko motsi. Ban gama kwashewa ba Aya ta hau kabad. Ta daɗe tana tunani, don ba ta manta wankan da ta sha ba, sannan ta diro. Murfin ya ce dum, ruwan ko girgiza bai yi ba. Ta zagaya sau biyu ta baje daidai kan fitilar, kifayen suka taru a ƙarƙashin cikinta suna kallon ikon Allah.

Na turo Baba, na kunna. Haske ya cika akwatin, kumfa ta fara tashi. Ya ɗaga sakatar da hannun hagu, ya ja, ya zuba musu abinci, ya rufe da kansa. Sannan ya fara. A huɗu ya ɗan tsaya, sai ya wuce. Ya kai tara. Ya ɗaga yatsa ya nuna Aya ya ce, "Goma."

Ban gama da wannan ba, ina tattara tarkace, na sunkuya na ɗauki ragowar wayar da mai wuta ya bari, ina neman inda zan ajiye. Ashe duk karatun takardunka da nake yi da ƙarfi ina zage-zage, da duk abin da muka yi da mai wuta, tsohon nan yana ji yana adanawa. Ya kama gefen zanena ya ja. Na ce, "Baba, me kake so?" Ya dube ni da idon nan nasa na da, rabin bakin yana rawa, ya ce, "Ki sa wayar sama."

Kalma huɗu, Auta, a jere, kuma da gangan. Na faɗa wa likita, ta ce in maimaita mata, na ce ba za ta gane ba, maganar gida ce.

Kada ka sayo kifi. Ka zo da kanka kawai, ranar da suka sake ka. In za ka rubuto kafin nan, ka samu tebur.

Yayarka